Bargo da Ɓargo

Bismillahi. Daga Barkono, mai kula da gonar bakin dam, zuwa ga 'yar Gwaggona, sabuwar shugabar matasan coci.

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe, Shugaba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina Gwaggo da ƙafarta? Na san hannun Kaka za ki kai takardar nan, tunda duk makarantun da kika gama ba ki iya karanta ajami ba, ni kuma bokonku sai direban motar madara ya karanta mini. To, amaryata Kaka, mijinki yana gaisuwa. Ki gyara tabarau, kada ki tsallake inda na taɓa jikarki.

Na ji dattawan cocinku sun yarda ki kawo matasa arba'in da biyu zangon kwana huɗu a dogon hutun nan, amma da sharaɗi: ko yaro ɗaya ya koma gida da tari irin na bara, an soke zango ke nan, ke ma a karɓe kujerar. Ikon Allah! Yarinyar da ta taɓa ɓata a gidanmu mai ɗaki uku, yau ita za ta yi kiwon 'ya'yan mutane.

Na yi magana da mai gona, ya ce ku zo. Akwai dogayen ɗakuna biyu da muke ajiye lemo, na share su. Maza gabas, mata yamma, a tsakani rijiya da ni da sandata. Akwai rumfar kwano inda za ku yi waƙoƙinku, in ruwa ya sauko ba mai jin kuskurenku. Itace jibge, tabarmi sun wadata. Tukwane uku ne, ɗaya tana yoyo amma ta san aikinta. Maƙwabcinmu kuma da ya ji labari ya ce ɓargo kada ku saya, yana da shi tuli, kyauta zai ba ku, kowane yaro ya samu nasa ya ji ɗumi a jikinsa. Wurin nan tudu ne, sanyin asuba da damina sai ki ji haƙoranki suna gaisawa.

Na kusa mantawa. Akwai kada a dam, ƙato, amma mai ladabi ne. Mutum ɗaya yake ci a mako, kuma ya fi son shugabanni.

Waya ba ta kamawa a nan. Direba yana zuwa Litinin da Alhamis, ki ba shi amsa. Haza wassalam.

*

Zuwa ga ɗan Kawuna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Mama ta ce ƙafa da sauƙi.

Ka san abin da kadanka ya jawo mini? Kaka tana karantawa da ƙarfi a tsakar gida, ashe matar Fasto tana tsaye a ƙofa, ta zo aron rariya. Kafin la'asar iyaye mata shida sun ce 'ya'yansu ba za su je ba. Kwana biyu ina bi gida-gida ina bayanin cewa ɗan uwana ne, haka Allah ya yi shi. A taron dattawa, Babban Dattijo ya sauke tabarau ya tambaye ni tsawon kadan. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ga tsarinmu. Za mu iso Litinin ta bayan mai zuwa, da hantsi. Kullum addu'ar safe, nazarin Littafi Mai Tsarki, ƙwallo da yamma, sai waƙoƙin yabo. Rana ta uku za mu dasa wa mai gona itatuwa don godiya. Ina roƙonka ka kewaye wa 'yan mata wurin wanka, ka kuma samo mana ƙarfen da za a riƙa bugawa a madadin ƙararrawa.

Abin da ya wanke ka a wurina shi ne maganar bargo. Iyaye da yawa suna da bargo ɗaya ne a gida, ƙanne suna rufa da shi, kuma motar da muka samu ƙarama ce. Ranar Lahadi na tashi gaban jama'a na sanar cewa kada kowa ya ɗauko bargo, an tanadar mana arba'in da biyu a can. Sai da aka yi tafi. Babban Dattijo da kansa ya ce, “Yarinyar nan ta san abin da take yi.” Ka yi wa maƙwabcin naku godiya.

Allah ya kiyaye ka, ya kuma shirye ka.
'Yar uwarka.

*

Bismillahi. Assalamu alaikum.

'Yar uwa, ki zauna kafin Kaka ta ci gaba. Da direba ya zo wurin bargo sai na ce ya sake karantawa. Ya sake. Na ce ya sake. Ya ce, “Malam, madara za ta yi tsami.”

Ba bargon rufa nake nufi ba. Ɓargo, na cikin ƙashi, wanda ake tsotsa! Maƙwabcinmu mahauci ne, yana kai nama gidajen abinci, ƙasusuwa su rage masa. Romo ya ce a dafa wa yara su sha da zafi. Yadda Malam ya koya mana rubutu, “ba” da “ɓa” harafi ɗaya ne, ɗigo ɗaya a ƙasa, mai karatu ne yake gane wanda ake nufi. Ban kawo a raina za a ji wani abu daban ba.

A gonar nan bargo biyu ne kacal, nawa da na kare. Wallahi tallahi ba wasa nake yi ba. In yaran nan suka kwana a kan tabarma haka nan, ba ɗaya ba, duk arba'in da biyun za su koma da tari. Akwai sauran Lahadi ɗaya a gabanki. Ki tashi ki janye maganar, ki ce laifina ne, ki kira ni duk sunan da kika ga dama.

Kaka, don Allah ki karanta mata yadda na rubuta. Wassalam.

*

Ɗan Kawu,

Gaisuwa. Wancan karon kada, wannan karon ƙashi. Sannu da ƙoƙari.

Ba zan sake tashi gaban jama'a saboda tsokanarka ba. Sau ɗaya ka mayar da ni abin dariya, ya isa. Na riga na faɗa wa dattawa akwai bargo, kuma bargo nake sa ran gani ranar Litinin, arba'in da biyu, a ninke. Ka gai da kare.

Shugaba.

*

Bismillahi. Daga Barkono zuwa ga Kaka ita kaɗai. Kada a karanta a tsakar gida.

Assalamu alaikum, amarya. Bayan gaisuwa, ƙara na kawo, kuma ke ce alƙali tunda ba ni da wata.

Ranar Alhamis da direba ya karanta mini amsar jikarki, na gane ba ta yarda da ni ba. Shi kuwa dariya yake yi har yana dukan sitiyari. Na ajiye fartanya na nufi wurin Malam, na durƙusa na ce, “Allah gafarta Malam, harafinku ya kashe ni.” Na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har tawada ta zube masa a riga, sannan ya ce, “'Ya'yan mutane za su zo mana baƙunci su kwana cikin sanyi? Ba a unguwar nan ba.” Bayan sallar la'asar ya tsayar da mutane ya yi magana.

Kin san abin da ya fi ba ni wuya? Ba wanda ya yarda. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa sai a ce, “Barkono, yau kuma da me ka zo?” Tela ya ce sai na rantse sau uku. Matar mai faci ta ce ba ta manta kwaɗon da na sa mata a bokiti ba, sai da na jawo mata ruwa guga goma ta miƙo bargo ɗaya mai ƙauri. Wata tsohuwa ta fito da na aurenta daga ƙasan akwati, ta ce in ya dawo da ko ɗigon miya, ni zan aure ta. Ki ji fa, ana neman ƙwace miki miji. Mahauci ya ba da nasa da na matarsa, ya ce ai bakinsa ne ya fara jawo abin. Kowane bargo na ɗinka masa ƙyalle da sunan mai shi. Kwana uku ina yawo da baro. Na wanke, na shanya, ruwa ya sauko, na sake shanyawa. Na haɗa da nawa, na koma kwana cikin buhun lemo. Na kare ne kawai na bari, shi ma don ya yi mini gurnani.

Litinin da hantsi na jera su a rumfa, arba'in da biyu cif, a ninke kamar yadda aka umarce ni. Sai ga mota tana hawowa, waƙa tana tashi ta tagogi. Aka buɗe ƙofa. Kaka, yaro na farko ya sauko da bargo a naɗe a kansa. Na biyu ma haka. Na uku har da matashi. Na tsaya ina ƙirgawa baki buɗe har na arba'in da biyu.

Jikarki ce ta sauko ƙarshe. Ta dubi rumfa, ta dube ni, ta ce, “Ɗan Kawu, ka rame. Ko kadan ne ya fara da kai?”

Na ce, “Shugaba, wannan zalunci ne.”

Ta ce, “Ina ƙarfen ƙararrawar da na ce?”

Kowane yaro ya shimfiɗa ɗaya ya rufa da ɗaya. Ko atishawa ban ji ba kwana huɗu, sai minshari. Ɓargon ma an dafa, suka tsotse har suna faɗa kan ƙashi. Sun dasa itatuwa, sun cinye mu a ƙwallo ci uku da ɗaya, amma mai tsaron gidanmu tela ne, ki yi mana adalci. Ranar ƙarshe masu barguna suka zo karɓar kayansu, suka ƙi tafiya, suka zauna jin waƙa. Tsohuwar nan ta duba nata ciki da baya, ba ta ga miya ba, har ranta ya ɓaci. Babban Dattijo, wanda ya zo duba ko akwai mai tari, na bar shi a gindin lemo da Malam, ana zana masa harafin “ba” na ajami a ƙasa yana neman inda ƙugiyar “ɓa” ta shiga. Kafin su hau mota ya ce baɗi ma nan za a zo, kuma ita ce za ta kawo su.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma ina so in sani: wa ya ci amanata? Jikarki ba ta da wannan wayon. Haza wassalam.

*

Bismillahi. Maigidana,

Na ga ƙararka. Karon farko da gaske bargo na karanta, ido ya tsufa. Takardarka ta biyu kuwa tun layin farko na san gaskiya kake faɗa, don ba ka ce mini amarya ba. A take na ce mata ta sanar da iyaye ranar Lahadi, ta kuma sanar.

Amsar da ta aiko maka ni na yi mata shifta. “Ka gai da kare” ne kawai nata.

Bargonka ka mayar da shi gado, kada ka zo mini da tari. In ka sake rubuto mini kada, zan karanta shi giwa.

Matarka.