Masarar Obren Ta Riga Kowa Isa Injin

Zuwa ga yayata Stana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar nan?

Bayan haka, ki duba rubutun nan da kyau. Hannuna ne, ba na limamin coci ba. Ƙanenki ya shiga sahun masu ilimi.

Sai dai an ci mini mutunci. Na sauka gindin dutse da masara zuwa injin niƙan Mitar, wanda ruwan maɓuɓɓuga ke juyawa. Ni na fara isa, amma ya ture buhuna baya, ya ce, "Malam Obren, ai masu alƙalami ba sa jin yunwa. Zauna ka rubuta wa jakinka wasiƙa tukuna." Har matan ƙauye suka yi dariya.

To, ilimi ya ba ni makami. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce duwatsunmu na Dinara na farar ƙasa ne, cikinsu duk ramuka kamar saƙar zuma, ruwan da ya nutse a sama yana fita a ƙasa. Kin san ramin da ke ƙarshen gonar babanmu, inda rafi ke shigewa. Na zuba masa ƙaiƙayi, na sauka na jira. Yaya, da idona na ga ƙaiƙayina yana yawo a bakin injin Mitar! Ashe da ruwana yake cin abinci yana zagina. Zan toshe ramin, in ga abin da zai juya masa dutsen niƙa.

Ki gaida kowa.
Ƙanenki mai rubutu da kansa,
Obren

Zuwa ga yayata Stana,

Gaisuwa da girmamawa. Na ji daɗin jin gwiwa ta yi sauƙi. Shawararki ta in bar ramin yadda kakanni suka bar shi ta iso, amma ta tarar na gama aiki.

Na toshe shi da duwatsu da yumɓu da fatun tumaki, na ɗora tsohuwar ƙofar rumbu a kai. Sai ruwan kaka ya sauko, masara tana tsaye ban girbe ba. Injin Mitar bai tsaya ba, domin dutsen nan maƙogwaronsa ba ɗaya ba ne, abin da malama ba ta kai ga koya mana ba. Gonata kuwa ta zama tafki. Agwagi suna iyo a kan abincin shekarata.

Mitar ya hau dutse takanas don ya gani. Ya cire hula ya ce, "Sannu da noma, ɗan'uwa. Da lauje za ka girbe ko in aro maka taru?" Na juya masa baya, mai ilimi ba ya cacar baki.

Ranar Lahadi ƙofar ta karye. Ƙasa ta yi gurnani, ramin ya haɗiye tafkin duka, da kara da zangarniya. Washegari masarata ta fito a gindin dutse, ta cushe fankar da ruwa ke bugawa ta juya injin, niƙa ya tsaya cak har faɗuwar rana. Mitar ya shiga ruwa mai sanyi har ƙirji yana zaro ta, jama'a suna jira da buhunansu. An ce ya ɗaga zangarniya ɗaya ya ce, "Ku yi haƙuri, yau ta Obren ce ta riga kowa."

Ki lura, Yaya: da bakinsa ya amsa. Wannan ita ce nasarar da na nema, kuma ban gama da shi ba.

Abu ɗaya ya rage. Ki aiko mini da garin masara kafin ƙanƙara ta rufe hanya, domin rumbu babu komai, babu ma ƙofa. Amma ki tabbata ba niƙan Mitar ba ne. Gara in ci tsakuwa.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanenki wanda ba a taɓa shi a kwana lafiya,
Obren