Hoton da Ke Jikin Firij

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Baba? Mu nan Madina lafiya, alhamdulillahi.

Kin tuna hoton jaridar da Safiyata ta manna a firij, na baƙar fatar nan da ta fara shugabantar wata babbar jami'a a Amurka? Kullum sai ta ce, "Ummi, kalarmu ɗaya." To, jami'ar nan Madina ba ta ɗauki Safiya ba, wai mu baƙi ne masu iƙama, wato takardar zama. Jiya na tarar ta ɓalle hoton ta tsane sambusa a kai, mai ya cinye fuskar matar. Ba ta yi kuka ba, ni ma haka. Muka zauna muka ci.

Ki sa ta a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza