Sandunan da Na Cire a Sersouf

Yaya Illa,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta shiga hannunka ba. Ko kana raye ma ni za ka miƙo wa in karanta maka, tunda ba ka taɓa shiri da lekkol, makarantar boko, ba. Amma wata biyar ke nan magana tana cina a rai, kuma duk faɗin Tamanrasset ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ka tuna ranar da muka zuba dal a gidan nan na unguwar Sersouf, rufin siminti na farko da aka damƙa maka kai kaɗai? Da hannunka ka ɗaure ƙarafa da waya, ka shimfiɗa katako, muka kafa sandunan ƙarfe a ƙasa suka tokare shi. Mai gidan ya kawo kuskus da naman akuya, kana ci kana tsokanata wai cokali kaɗai na iya riƙewa. Da muka tashi ka ja mini kunne kada kowa ya taɓa sandunan sai an yi sati uku cur. Ka ce sanyin garin nan ba irin namu ba ne, siminti ba ya kamawa da wuri.

Ni na cire su, Yaya. Kwana tara da zubi, kana Tazrouk duba wani aiki, aka zo neman sanduna daga wani shantiye, wato wurin gini. Na hau dal na tattaka, na ƙwanƙwasa da guduma, na ji shi garau. Na ce a raina ai a Damagaram kwana tara muke kwancewa lafiya lau, tsoronka ne ya yi yawa. Na zare na tsakiya na bayar, ina ganin na yi dabara. Da ka dawo na ja bakina na yi shiru, don kada ka yi mini faɗa gaban mutane. Dubi abin da na gudar wa kaina, faɗa!

Da safe aka hau da bulo aka jibge a sama, ni kuwa na tafi sayen ƙusa. Kafin in dawo dal ya rufta a kanka. Da aka tono ka, sanda ce a hannunka. Ka ga giɓin ke nan, ka shiga ka tokare. Ka gane ni ne na cire su? Ka kira sunana, ko ba ka samu zarafi ba?

Jandarma na isowa yawancinmu suka watse, ka san halin marar takardu. Ba wanda ya ƙirga sanduna. Sai magana ta bazu wai mai gidan ne ya sayo ruɓaɓɓen siminti, ta bi waya har kunnen Inna. Bawan Allahn nan kuwa shi ya kawo likkafaninka, ya tsaya da mu har aka rufe ka. Yanzu duk ranar da na kira gida sai Inna ta yi masa Allah ya isa, sannan ta sa mini albarka wai na riƙe ka har ƙarshe. Ni kuma ina amsawa da amin. Wallahi na tsani kaina, don na san a kan wa Allah ya isan nan take sauka.

Labarin gida: matarka Rabi ta sauka lafiya, namiji, an mayar masa da sunanka. Ta ƙi komawa gidansu, tana nan tare da Inna a tsohon ɗaki, wanda ya yi yoyo bara. Sabon da ka gina musu har yau kansa a buɗe yake. Kwanon da ka saya yana jingine a zaure, katakon kuma an ce gara ta fara taɓa shi. Damina ta ƙarato.

Jibi zan shiga mota. Na ɗaure gudumarka da zarto da igiyar awo a cikin buhu, na sayi ƙusa mai hula da kwaltar liƙe yoyo. Zan rufa ɗakin yadda ka koya mini, ba gaggawa, ba wayo.

Sai na buga ƙusar ƙarshe na sauko zan durƙusa gaban Inna da Rabi in faɗa musu. Kada ka ɗauka wani ɓoyon ne kuma. Na san Inna: in ta ji tun farko ba za ta bari in hau ɗakinta ba, ruwa kuma zai sauka a kan ɗanka. Bayan nan in ta ce in fita mata daga gida, zan fita, su dai suna da rufi.

Ka yafe mini in ana yafewa daga inda kake. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta.

Ƙanenka da bai ji maganarka ba,
Habu