Maganin Baba yana cikin rediyo

Yaya,

Na kai Baba asibiti, ban tsaya tashinka ba. Ɗazu ya buga kai da kantar nan da ya kafa da hannunsa, ya dage lafiyarsa ƙalau. Amma likita ta taɓa ce mini maganin damuwar da yake sha kan ƙara haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa in mutum ya bugu a ka. Kuma wai shayina ya yi daɗi! Baba fa, da yabo? Nan gabana ya faɗi.

Ka biyo mu da maganin, za su so gani. Yana cikin tsohuwar rediyo, wajen batir. Ka ce tsinta ka yi. Har yau yana zaton ba wanda ya sani.

Ƙanwarka