Jirgin da ke Cikin Ciyawa

Yaya Ma'aruf,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan Baba da Inna da su Daso suna lafiya. Yaya kogi bana, ya cika?

Ni lafiya lau, kada ku damu. Ƙaramin jirgin ruwan da muka saya ni da abokina Josiah, don ɗaukar 'yan yawon shan iska a bakin teku, ya zo hannu. Na duba shi yadda Baba ya koya mana: na ƙwanƙwasa cikinsa, na saurari injin, ba inda yake yoyo. Inda aka ƙera shi ne kawai ban tambaya ba. Wa ke tambayar wannan a Yawuri?

Ashe ƙirar Faransa ne. A nan Amurka jirgin da aka ƙera a ƙasar waje ba ya ɗaukar fasinja sai da izini na musamman. Mun cike takardu, an ce mu jira.

Yanzu yana ajiye cikin ciyawa a McLeansville, wani ƙauye kusa da mu, a bayan gidan Baba Eli, kawun Josiah, tafiyar awa uku daga teku. Kullum sai na je na zagaya shi. Jiya tsohon ya ce, "Direba, yau ina muka nufa? Kajina sun riga sun shiga." Na yi dariya, amma lokacin zafi na wucewa, shi ne kuma lokacin fasinja. Aikin da nake yi a sito kuwa na riga na ajiye saboda jirgin. Kada Inna ta ji.

Ka ce Baba ya sa mu a addu'a, ni da jirgin. Dukanmu baƙi ne, takarda muke jira.

Ƙaninka,
Garzali
Greensboro