Mun Ɗauke Baba Kafin Gwanjo

Litinin, 8 ga Mayu

Yau mutanen banki suka zo kafa allo. Su biyu, ɗaya da guduma, ɗaya da takarda. Mai gudumar ya duba ko'ina bai ga wurin da ya yi masa ba sai ginshiƙin rumfar kabarin Baba, wai shi ya fi fuskantar titi. Na fito da almakashi a hannu, ban ma san yana hannuna ba, na ce masa ya buga ƙusa ɗaya a nan ya gani. Ya koma jikin mangwaro. An rubuta da ja: gwanjo, Juma'a 26 ga wata.

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: suna tafiya na koma kan keken ɗinki na ƙarasa rigar matar fasto. Na ci gwaza da kifi har na ƙara. Shekara tara da rasuwar Baba, ya bar filin nan namu na Vaitele, a gefen birnin Apia, a jingine saboda motar bas da ya saya wa Yaya Tanielu, wadda yanzu kaji ke ƙwai a cikinta a bayan gida. Tun daga nan nake ɗinka rigunan makaranta ina kai wa banki, bashin ko gezau. Gadon ma ya ƙi rabuwa, lauya ya ce ba a raba abin da ke jingine. To yau dai an sa rana. Na gaji, kuma na ji daɗi da aka sa.

Damuwata ɗaya ce. Baba yana kwance a ƙofar gida inda muka sa shi. Fili za a sayar, shi kuma fa?

Talata, 9 ga Mayu

Yaya ya bugo daga Auckland, can ƙasar waje inda yake zaune, yana tauna wani abu.

"Ola, kwantar da hankalinki. Ba ɗan Samoa da zai sayi fili da mamacin wani a ƙofar gida. Baba ne zai tsare mana wurin. Kar ki kuskura ki taɓa shi."

Na ce, "Au, Yaya, Baba ya koma maigadi ke nan?"

Ya ce wannan bakin nawa shi ya hana ni miji. Na ce shi ai ya samu mata, kuɗin banki ne dai bai samu ba. Kowa ya kashe waya yana huci.

Asabar, 20 ga Mayu

Masu duba fili sun yi ta zuwa. Duk hali ɗaya: su shigo da fara'a, su ga kabari, su rage murya, su tuna suna da wani uzuri. Wata tsohuwa har ta gaida Baba kafin ta juya. Wani mai ƙaton tumbi ya tambaye ni, "Dattijon yana cikin kuɗin ne, ko nasa daban?" Dariya ta kusa ƙwace mini. Baba ma da ya yi.

Da yamma na wanke tayil ɗin kabarin, na kori kare, na sake furanni.

Juma'a, 26 ga Mayu

An yi gwanjon a gindin mangwaro. Mai gwanjo ya yi ta kiran farashi har muryarsa ta dushe, jama'a kowa na kallon ƙafarsa. Ba wanda ya ɗaga ko yatsa. Ya tattara takardunsa ya nemi ruwan sha, na ba shi.

Yaya bakinsa har kunne, ta waya ma ina jin haka. "Ban faɗa miki ba? Baba bai tsufa ba!"

Ban taya shi murna ba. Kafin su tafi matar banki ta ja ni gefe, mace mai kirki, na taɓa ɗinka wa 'yarta kayan coci. Ta ce za a sake a watan Yuli, za a sauke farashi, kuma mutum ɗaya ne ya nuna sha'awa, mai manyan motocin ɗaukar kaya da ke neman wurin ajiye su. Shi kabari bai dame shi ba. Ya ce zai kewaye shi da kwano ta ko'ina ya bar shi a tsakiyar fili, mai son ziyara ya nemi izini a ƙofa.

Wato ko da kabari ko babu, filin zai tafi. Sai dai ya tafi da Baba a ciki.

Lahadi, 28 ga Mayu

Ban ji kalma ɗaya ta wa'azi ba. Baba cikin kwano da baƙin mai, ni kuma a bakin ƙofa ina roƙon wani.

Laraba, 31 ga Mayu

Na je wurin Gwaggo Fuatino, yayar Baba, na same ta tana kankare kwakwa. Ban gama bayani ba ta katse ni.

"Sai yau kika zo? Ni tun bara nake jiran ɗayanku ya yi hankali. A tono shi a wanke shi a kai shi wurin matarsa. Haka muka yi wa kakanku, ko kun zaci a nan ya fara kwanciya?"

Na ce Yaya ba zai yarda ba.

"Tanielu? Wanda na goya yana zawo a bayana? Bar ni da shi."

Kabarin Mama yana Safotu, a tsibirin Savai'i, gaban gidan iyayenta, tun muna yara. Ƙasar dangi ce, ba a jinginar da ita, ba bankin da ke da hannu a kanta. Amma sai Kawu Eteuati ya amince, shi ne babban gidan, kuma shi da Baba ba su taɓa shiri ba.

Asabar, 10 ga Yuni

Safotu. Na zo da kwalin kifin gwangwani da tabarmar da Mama ta bar mini. Na zauna a bakin ginshiƙi na yi ta zagaye-zagaye, Kawu ya bar ni ina ta zufa, yana shan kokonsa. Da na kai ƙarshe ya ajiye kofi.

"Direban tasi! Ya zo ya kwashe mana 'yar'uwa ya kai Apia, da ta mutu ya dawo mana da ita, yanzu kuma shi zai zo ya miƙe ƙafa a ƙofar gidana?"

Na sunkuyar da kai.

"Tashi mu je ki gani," in ji shi.

Gefen kabarin Mama akwai fili wanda ba komai a kai, daga ciyawa sai tsakuwa. Ya ce sau nawa matarsa ta so dasa ayaba a wurin ya hana. "Na san ƙarshenta nan zai zo. Mutumin da ko kuɗin mota bai iya karɓa daidai ba, shi zai riƙe fili a Apia?" Yana faɗa yana share ido da gefen zanensa, wai hayaƙi ne.

Tabarmar ma bai karɓa ba. Ya ce in naɗe ubana da ita.

Litinin, 12 ga Yuni

Na faɗa wa Yaya. Ya ce na sayar da ubanmu, na ce a'a, hana sayar da shi nake yi. Ya ce idan na tone kabarin nan ni da shi har abada. Na yi kuka, sannan na yi barci mai daɗi, abin da ya ba ni haushi.

Alhamis, 22 ga Yuni

Takardar izini ta fito daga ma'aikatar lafiya. Sawu uku na yi, ranar farko mai sa hannu ya tafi jana'iza.

Talata, 27 ga Yuni

Yaya ya sauka. Ko sanarwa babu, sai ganinsa na yi a ƙofa da ƙatuwar rigar sanyi, cikin wannan zafi. Bai gaishe ni ba. Ya wuce ya zauna a gefen kabari, ya daɗe. Ban san abin da Gwaggo ta faɗa masa ba, ita ma ta ƙi gaya mini. Da ya shigo ya buɗe tukunya ya ce, "Shi ke nan abincin?" Na san an wuce wurin.

Alhamis, 29 ga Yuni

Mun tono Baba.

Da sassafe fasto ya yi addu'a, maza suka fasa siminti. Na zaci zan faɗi. Ban faɗi ba. Gwaggo ta shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar ɗaki, aka riƙa miƙo mata ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, muna wankewa, muna shafa musu man kwakwa. Ashe mutum ba shi da yawa. Baba da ke cika ƙofa idan ya tsaya, yau ga shi duka a kan ƙyalle ɗaya.

Gwaggo ba ta rufe baki ba tun daga farko. "Uelese, mu ne, kar ka firgita. Fuatino ce. Ga 'yarka, ga wannan shashashan ɗan naka. Wanka za mu yi maka, tafiya za ka yi."

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa kamar baƙo. Ta miƙa masa kwalbar mai ta ce, "Zo ka shafa wa ubanka hannu. Wannan hannun ne ya sa maka a takardar banki." Ya durƙusa. Ya ɗauki ƙashin yana shafawa, kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya kalle shi, muka bar shi ya gama.

Muka naɗe shi da zanen ɓawon itace, muka ɗora tabarmar Mama a kai, aka sa a ƙaramin akwati. Ramin aka cike, aka dasa ɗan kwakwa a wurin.

Juma'a, 30 ga Yuni

A al'adarmu dole a yi ta yi masa magana a hanya don kar a bar ruhinsa a baya, Gwaggo kuwa ta samu aiki. "Uelese, ga mu a kwanar filin jirgi. Uelese, Mulifanua ce nan, sauko, kar ka tsaya surutu da direbobi." Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tuƙi a wannan hanyar, yau shi ake nuna wa kwana.

A bakin jirgin ruwa ma'aikaci ya ce a sa akwatin wurin kaya. Yaya ya ce, "Ubanka ne kaya?" Ya je ya yanko tikiti na mutum guda, ya zaunar da Baba a kujera kusa da taga, ya ɗora hannu a kai har Salelologa.

Kawu ya tarye mu da jawabi mai tsawo, da kuka a ciki, da zagi kaɗan. Aka sa Baba gefen Mama kafin ƙararrawar addu'ar yamma. Ana jin teku daga wurin. An gasa alade, na ci kamar ba ni ba.

Lahadi, 2 ga Yuli

Yaran gidan har sun fara zama a kan kabarin Baba suna ɓare rake. Hankalina ya kwanta.

Juma'a, 14 ga Yuli

Gwanjo na biyu. Da labari ya zaga cewa an ɗauke kabari, mutane suka cika gindin mangwaro har titi. Mai tumbin nan ya dawo, ya ce mini, "Dattijo ya yi ƙaura ba sallama?" Na ce ya gaji da masu leƙe.

Mai manyan motoci ya taya, wasu suka taya sama da shi, ya yi tsaki ya koma motarsa. Wata malamar asibiti da mijinta suka saya. Da guduma ta sauka na jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina. Shiru. Yunwa kawai na ji.

Matar banki ta ce bashi ya biya, har da ɗan saura. Yaya yana gefena, ya ce a hankali, "Da na san haka ne..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban taya shi ba.

Laraba, 26 ga Yuli

Mun sa hannu wurin lauya, gado ya rabu. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Yaya ya ce a sayi tayil da kwano da kasonsa a yi wa su biyun rumfa ɗaya. Ya koma Auckland jiya. Motar bas mai gwangwan ya ja ta, kajin sun yi ta zagaye wurin suna neman ta.

Na kama ɗaki a bayan kasuwa, keke ya shiga, gado ya shiga, shi ke nan.

Litinin, 14 ga Agusta

Na je Safotu duba aikin rumfa, na ce kwana biyu, na yi mako. Matar Kawu ta tara mini ɗinki, wai ba tela a garin sai wata mai karkata wuyan riga. Kawu kullum da safe sai ya fita da kofinsa ya zauna gefen Baba yana yi masa gori. Na ce ya ƙyale shi ya huta, ya ce shekarun da suka yi ba sa magana yake ramawa.

Yau na dawo don in miƙa makullin Vaitele ga masu shi. A jirgi wata mata ta matsa mini wuri, ta ba ni soyayyar ayaba, ta ce, "'Yar'uwa, gida za ki, ko daga gida kike?"

Na ce, "Daga gida nake."

Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa. Makullin yana cikin jakata, ina jin tudunsa a cinyata. Na buɗe baki in gyara, sai ta shiga ba ni labarin jikarta, na bar shi haka.

In tuna in tambayi kuɗin ɗora keken ɗinki a jirgi. Tambaya ce kawai.