Wai Ni Ne "Wani Manomi"

Zuwa ga ƙanena Sabo a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya iyali da yara? Ciwon ƙafar nan ya sake ka? Mu nan Sule Tankarkar lafiya lau, gero ya shigo gida.

Ka sani ba wanda ya ba ni ko akuya. Da gumina na sayi gona, na gina gida, na sayo raƙumi a Maigatari na ɗaura masa garma, lokacin duk ƙauyenmu da shanu ake huɗa. Har waƙar tsiya yara suka yi mini. Yau zo ka ga raƙuma a gonaki.

To, ɗanka Nura ya zo da rani, wai yana binciken jami'a kan yadda al'ada ke canzawa. Na zaunar da shi, na ba shi labari daga tushe, ya ci tuwona ya tafi. Makon jiya ya aiko littafin. Wai huɗa da raƙumi "ta yaɗu ne daga Damagaram", kamar iska ce ta kwaso ta. Ni kuwa "wani manomi" ne a ciki. Da na kira shi sai ya ce, "Baba, ƙa'idar bincike ce, ɓoye suna ake don kare mutum." Daga wa zai kare ni, Sabo?

A gaida mutanen gida, a sa mu a addu'a. Amma ɗanka ne, maganarka yake ji. Ka sa shi ya goge manomin nan ya rubuta Alhaji Idi Mai Raƙumi, cikakke.

Yayanka,
Idi